Ni, Taubashina da Farfesan Turai

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Tambuwal ba, ko da na so in manta, domin akwai mutum guda a Kebbe da ya ɗaukar wa kansa aikin tuna mini har ƙasa ta rufe idon ɗayanmu. Amma kafin mu kai ga ranar, bari in faɗa muku ko ni wane ne, yadda nake ba yadda nake so a ɗauke ni ba.

Ni mutum ne mai zargi. Idan mahauci ya yi mini gyara ban roƙa ba, sai na sansana naman. Idan shugaban makarantarmu ya yabe ni a gaban malamai, a ranar nake fara neman ajin da zai ƙara mini. Matata Luba ta ce ko ruwan Zamzam aka ba ni sai na tambayi wanda ya ɗebo, da irin jarkar da aka zubo shi. Da can ina kiran wannan hali taka-tsantsan, ina ma alfahari da shi, don ban taɓa faɗawa hannun masu turo saƙon “ka ci kyauta” ba.

Malamin aikin gona ne ni a wata sakandare a nan Tambuwal, asalina kuma Kebbe. Na daɗe da yin digiri na biyu, na daɗe kuma ina zaune a wuri ɗaya kamar turmi. Yaran da na koyar sun zama malaman kwaleji, in mun haɗu su durƙusa su gaishe ni, su shiga motarsu, ni in tayar da babur ɗina. Digiri na uku nake so, amma ba ni da halin barin aiki da iyali in tafi wata uwa duniya. Sai na ji labarin karatu daga nesa, wato kana gidanka, malaminka yana ƙasarsa, intanet ce ke haɗa ku.

Kun san me na fara yi? Zargi. Akwai wani abokin aikinmu da ya taɓa dawowa da hoto sanye da jar riga da hula mai tuntu, aka yi walima, aka yanka rago, daga baya aka gano jami'ar tasa ɗaki biyu ce a saman wani shago a tsallaken iyaka. (Har yau Dokta muke ce masa, amma ba ya amsawa da ƙarfi.) Saboda haka duk jami'ar da na gani sai na bi ta da bincike kamar mai neman aure. Wadda ta yi saurin amsa mini imel na ce 'yan damfara ne. Wadda ta yi jinkiri na ce ba ta nan ma kwata-kwata. Wata ta rubuto tana taya ni murna tun ban aika komai ba, na rufe kwamfuta na yi a'uziyya.

Da ƙyar da jiɓin goshi na yarda da wata tsohuwar jami'a a Turai. A shafinsu na ga wani dattijon farfesa, mai sanƙo da dogon hanci, an rubuta cewa fanninsa noma da kiwo ne a Afirka ta Yamma. Na aika masa tsarin bincikena a kan yadda manoma da makiyaya ke raba fadama da rani a yankinmu na Kebbe. Ya amso da Turanci mai ladabi, ya yi gyare-gyare, na gyara, ya ƙara, na sake gyarawa. Daga ƙarshe ya gaya mini abin da ya hana ni cin tuwo da daɗi: a bana akwai gurbi guda ɗaya tak a ƙarƙashinsa wanda jami'a za ta ɗauki nauyin karatun gaba ɗaya, kuma ina cikin 'yan kaɗan da kwamiti zai gana da su ta kiran bidiyo. Ni dai na san in ba ta wannan gurbin ba, albashin malamin sakandare ba zai kai ni ko bakin ƙofar jami'ar ba.

Ban gaya wa kowa ba sai Luba, ita ma sai da na sa ta yi alkawari. A wajenmu ba a tallar ciki, ba a tallar tafiya, ba a tallar abin da bai nuna ba, saboda baki. Amma ni gaskiya ba bakin duniya ne ya fi tsorata ni ba, bakin mutum guda ne, Lawali.

Lawali ɗan Goggo ne, ƙanwar mahaifina, wato taubashina. Ga wanda bai san wasan ba: ɗan namiji shi ne ubangida, ɗan mace shi ne bawa, kuma tsakaninsu babu zagin da ke zama zagi. Ni ne ɗan namiji, don haka a ƙa'ida ni ke sama. A aikace kuwa, tun muna yara Lawali ke juya ni yadda ya ga dama. Dillalin albasa ne, yana da baki, Allah kuma ya ba shi baiwar kwaikwayon murya. Zai yi maka liman, ya yi maka ɗan sanda, ya yi maka mai karanta labarai a rediyo, duk a zama ɗaya. Shekarun baya ya taɓa kira na da ɓoyayyiyar lamba, da muryar wani babban ma'aikaci daga Sakkwato, ya ce an sa ni cikin kwamitin raba takin zamani, in hallara a sakatariya da safe. Na saka babbar rigata ta Salla, na zauna a benci har aka kira azahar, masinja yana ta tambayata wa nake jira. Wannan labari ya yi shekara yana yawo a gidajen suna. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ni tun daga ranar kowace baƙuwar lamba tsumma ce a wurina.

To, ranar ganawar sai ta faɗo ranar kasuwa. Al'adar Lawali ce duk ranar kasuwa ya shigo Tambuwal, ya gama harkarsa, ya sauka gidana ya cinye abincin rana ba tare da an gayyace shi ba. Wannan karon ma har da Goggo ya taho, za ta ga likitan ido.

Na shirya da sassafe don in fice kafin su iso. Na ciro kwat ɗin da na yi hoton kammala digiri da ita, na ɗaura abin shaƙe wuyan nan na Turawa, daga ƙasa kuma na bar wandon shaddata da silifa, tunda kyamara iyakarta ƙirji. Ina tura babur waje sai ga su a ƙofar gida. Goggo ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Babana, lahiya?” (Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta faɗin sunana.) Na ce taro ne a makaranta. Lawali bai ce komai ba. Ya dai zagaya ni sau ɗaya yana kallon kwat ɗin, ya taɓa abin wuyan da ɗan yatsa, ya yi murmushi, ya shige gida. Da ya yi dariya da hankalina ya fi kwanciya. Shirun Lawali ba alheri ba ne, kuma duk tsawon hanya ina tunanin abin da ya sani da wanda ya gaya masa. Har Luba sai da na zarga, Allah ya yafe mini.

A ɗakin kwamfuta na makaranta na kulle kaina. Na jera littattafai a bayana don a ga ni ma'abocin karatu ne, har da wani ƙaton ƙamus da babu bangonsa. Na haddace gaisuwata da Turanci, na maimaita ta a gaban baƙin gilashin kwamfuta. Lokaci ya yi, na danna. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiyar allo. Ya juya, ya juya. Can sai hoto ya ɗan buɗe, na hango rabin sanƙo da gefen tabarau, na buɗe baki zan yi gaisuwa, komai ya daskare. Sabis ya ɗauke.

Wanda bai taɓa zama a garinmu ranar kasuwa ba ba zai gane ba. Duk mai waya daga Jabo har Sanyinna ya shigo gari, kowa yana kiran kowa yana tambayar farashin gero, sabis ɗin sai ya zama ruwan rijiya a ƙarshen rani. Na fita da kwamfuta tsakar makaranta, na hau barandar ofis, na koma gindin darbejiya inda ɗalibai suka ce ya fi kamawa. Ɗalibai suna leƙe ta taga suna kallon malaminsu da kwat a sama, silifa a ƙasa, yana ɗaga kwamfuta sama kamar mai tallar faranti. Na rubuta imel na ban haƙuri, shi ma ya ƙi tafiya. Da na tabbata lokacin ya wuce, na naɗe kayana na koma gida, zuciyata baƙi ƙirin.

Na tarar da Goggo a tabarma a tsakar gida, an ɗiga mata magani a ido tana lumshe da su, Luba kuma tana tankaɗe. Lawali ba ya nan, wai ya tafi kasuwa. Na zauna a kujera ko kwat ɗin ban cire ba. Luba ta dube ni, na girgiza kai, ta gane, ta ci gaba da aikinta.

Sai wayata ta yi ƙara. Na duba, babu lamba, babu suna.

Na ɗauka na yi shiru, don ni ba na fara magana da wanda ban sani ba. Sai na ji muryar dattijo, a natse, tana cewa:

“Salamu alaikum. Malam, ina wuni, ina gajiya? Ni na, Farfesa. Mun ga hoton ya ƙiya, shi ya sa munka ce bari mu kira ka ta waya. Yaya mutanen Tambuwal? An samu ruwa wajenku bana?”

Jama'a, ku yi mini adalci. Bature, a Turai, wanda muka yi wata da watanni muna musayar Turanci, shi ne zai buɗe baki ya ce mini “munka”? Ba ma Hausar rediyo ba, Sakkwatanci tsantsa, irin na tsofaffin da ke zama a gindin tsamiya a Kebbe? Ga ɓoyayyiyar lamba. Ga murmushin nan na safe. Ga Lawali ba ya gida. Duk wani alƙali da ya ga waɗannan shaidu a jere zai yanke hukunci bai nemi rantsuwa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lokacin da ya zaɓa, wato daidai sa'ar da nake zaune a kan gawar burina shi kuma yake wasa.

Amma a ƙasan fushin, in faɗi gaskiya, akwai wani ɗan daɗi. Yau dai na kama shi. Yau ba zan zauna a benci ba. Na danna sifika, na miƙa wayar saitin tabarma, na ce, “Goggo, saurari ɗanki ki ji abin da shika yi da girmanai.”

Sannan na gyara zama na fara.

“Kai bawa,” na ce, “ko cikin rijiya ka yi magana na san muryarka. Farfesa? Kai da anka yi ta fama da kai kahin ka iya rubuta sunanka? Farfesan albasa ko na mi?”

Muryar ta ce, a hankali, tana jin akwai rashin fahimta, ita ce dai wanda muke rubutu da shi a kan maganar fadama.

Jin ya ambaci fadama sai na ƙara tabbata cewa an shiga kwamfutata ko an tatsi Luba. Na harare ta, ta zaro ido tana girgiza kai. Na ce masa ai kwaikwayon nasa bai yi ba, ya koma ya sake koyo. Na ce in Baturen yake son yi, to ya toshe hanci tukuna, don mutumin hanci gare shi kamar lauje, da shi zai yi magana ba da baki ba. Na ce na ga hotonsa, tsoho ne mai sanƙo kamar bayan ƙwarya, ƙuda ma in ya sauka sai ya zame. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba, don 'ya'yana sun fara karatu. Goggo tana dariya ido a rufe tana cewa, “Ku dai ba ku girma.” Wannan dariyar ta ƙara mini ƙarfi, na ji kamar mai waƙa da ya samu 'yan amshi.

Sai wata murya ta daban ta shigo, ta mace, da Turanci, tana tambayar ko lafiya, me ɗan takarar yake cewa. Na ji dattijon ya yi gyaran murya ya ce mata, da Turancin shi ma, wai ana ɗan gaisawa ne irin ta gargajiya.

A nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya. Ni kuwa sai na ce a raina, lallai yau Lawali ya kashe kuɗi, har 'yar bautar ƙasa ya ɗauko haya. Akwai su da yawa a gari, wasu Turancinsu kamar a bakinsu aka ƙera shi. Sai na juya harshe. Duk Turancin da na tanada don ganawa, wanda na kwana biyu ina gogewa, na juye mata shi. Na ce ta ji kunya, yarinya da iliminta ta bari dillalin albasa ya saye ta da kuɗin tsire. Na ce wannan karin harshen da take ƙaƙalowa bai yi kama da na Turawa ba ko kaɗan, ta rage kallon fina-finai. Na ce in ta kuskura na gano makarantar da aka tura ta, sai na kai ƙararta an ƙara mata wata shida. Ban taɓa yin Turanci mai santsi irin na ranar ba, ko tuntuɓe ɗaya ban yi ba.

Ina cikin numfasawa don in ɗora, sai aka yi sallama daga zaure.

Lawali ne ya shigo. Zabo a hannun dama, zabo a hannun hagu, ya riƙo su ta ƙafa suna ta fuka-fuki, ga ledar yaji ya cije da haƙora don babu hannun riƙewa. Ya tsaya a tsakar gida yana kallona, ina kallonsa. Na dubi hannunsa na dama. Na dubi na hagu. Na dubi bakinsa, wanda ko sallamar ma da ƙyar ta fita ta gefen leda. Wayar kuma tana hannuna, a kan sifika, ana jin numfashin mutane a ciki.

Luba ce ta yi magana, da wata 'yar siririyar murya. Ta ce, “Malam, wayar Lawali tana ɗakina tun safe, caji ya bar ta.”

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kunya dai na sha jin ta a rayuwa, amma wannan ta zo da sanyi, ta fara daga tafin ƙafa. Na miƙe tsaye ban san dalili ba. Na gyara abin wuya. Na ce “Ranka ya daɗe” da Hausa, na ce wani abu da Turanci da ba shi da kai ba shi da gindi, na sake cewa “Ranka ya daɗe.” Ɗaya zabon ya ƙwace ya bi ta kan tabarmar Goggo, ta buɗe ido tana tambayar me ya faru.

Dattijon ne ya taimake ni. Ya ce, cikin Sakkwatancin nan nasa da yanzu kowace kalma take sukata, tun yana saurayi ya yi shekaru a wani ƙauye kusa da Sanyinna yana bincike a kan noman fadama, a gidan wani manomi ya zauna, a can ya koyi Hausa. Ya ce ya ɓoye ne don ya ba ni mamaki ranar ganawa, ya ga kamar zan ji daɗi in ji harshen gida. Sannan ya tambaya, ba tare da fushi ba, “Wane na Lawali? Taubashinka na?”

Na ce e, ranka ya daɗe.

Ya ce ya gane wasan taubasai ne tun daga kalmar farko, don shi ma a ƙauyen an ba shi taubasai, sun sha kiransa abin da ya fi haka. Na ji kamar yana danne dariya. Amma ya ce matsalar ba shi ba ne. Matar da na yi wa magana ita ce shugabar kwamitin, kuma abin da na faɗa mata ba ya bukatar tafinta. Na ji ta tana cewa, a taƙaice kuma a sanyaye, lokacin da aka ware mini ya ƙare, akwai wani ɗan takara yana jira, za su sanar da ni sakamako. Ta yi mini godiya da na ba su lokacina. Wannan godiyar ta fi mari zafi.

Abin da Lawali ya yi a lokacin ban taɓa zaton sa daga gare shi ba. Ya saki ɗaya zabon, ya tofar da leda, ya karɓe wayar daga hannuna kafin a kashe. Bai san kan zancen ba, amma ya ga fuskata. Ya rusuna, a tsakar gida, a gaban waya, ya ce:

“Ranka shi daɗe, ni na Lawalin. Laihina na, ni na ɓata shi da wasa tun muna yara. Wallahi mutumin kirki na, duk danginmu babu mai karatunai. A yi mai haƙuri.”

Farfesa ya gaishe shi, ya tambayi mutanen Kebbe, ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa ya yi wa kwamiti bayanin al'adar. Aka kashe waya. Zabi suna ta bin bango a tsakar gida. Lawali bai yi dariya ba. Ya zauna kusa da ni, ya tambaye ni a hankali mene ne wannan abin da nake nema, na gaya masa duka, abin da na yi wata da watanni ina ɓoyewa. Ya ce da na faɗa masa, da ya kai ni bayan gari kan wani tudu inda yake kiran 'yan kasuwar Kudu ranar kasuwa, sabis ba ya yankewa a can. Ranar ko abincin bai ci ba, kuma wannan ne karo na farko a tarihi.

Na rubuta wa shugabar kwamitin ban haƙuri mai tsawo. Ku gwada bayyana wa Baturiya, a rubuce, dalilin da ya sa kiran mutum bawa alamar ƙauna ce, da yadda aka yi ta zama 'yar bautar ƙasa da aka saya da tsire. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Ta amsa da layi biyu masu ladabi.

Bayan 'yan makonni sakamako ya zo. An ba wani gurbin, wani bawan Allah daga wata ƙasa, wanda na tabbata ya amsa sallama kamar mutum. Farfesa ya rubuto mini daban, ya ce tsarin bincikena yana cikin waɗanda suka fi, ya yi magana a kaina amma ƙuri'arsa ɗaya ce. Ya ce in sake nema baɗi, mai yiwuwa a samu wani gurbin, kuma in an tashi zai kira ni da kansa. Na karanta a ɗakin malamai, na fita na zagaya bayan ajujuwa, na tsaya ina kallon gonar makaranta har idona ya bushe. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ba sabis ne ya kayar da ni ba, ba baki ba, ba ɗan damfara ba. Ni da kaina na tsaya a ƙofar gidana da sanda, na kori baƙon da na shekara ina jira.

Lawali ya ba ni hutun mako biyu, na zaman makoki. Daga nan ya koma bakin aiki. Yanzu babu gidan suna ko ɗaurin aure a Kebbe da ba a roƙe shi ya yi “Farfesan albasa” ba, kuma yana yin murya uku ne, tawa da ta dattijon da ta Baturiyar, har da kukan zabi. Yara a unguwarmu Dokta suke ce mini. Goggo kuwa duk wanda ya je gaishe ta sai ta gaya masa Babanta ya zagi Turawa biyu a gabanta kuma ba su iya ramawa ba, ita a wurinta abin alfahari ne.

Malamai sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ni nawa bai ma zama gaskiyar ba, ga zunubi ga asara. Na sake aika takarduna, ina jira, kuma darasin da na koya shi ne wanda ke jiran kira ba shi da ikon raina kowace murya. Matsalar ita ce Lawali ma ya koyi wannan darasin. Duk bayan 'yan kwanaki sai waya ta yi ƙara, babu lamba, in ɗauka in ji dattijo yana tambayata ko an samu ruwa wajenmu. Na san shi ne. Har hayaniyar 'yan albasa nakan jiyo a bayansa. Amma sai in miƙe tsaye, in cire hula, in ce, “Ranka ya daɗe, ina saurare,” in ci gaba da amsawa da ladabi har sai ya gaji don kansa ya fashe da dariya.